"A bar wa masana": kun manta layin banki na 2023 ne?



Makon jiya, a ƙarƙashin rubutun da aka yi kan haraji, wani ɗan uwa da nake girmamawa ya nemi ya rufe mana baki da magana ɗaya. Ya ce harkar tattalin arziki ba hirar teburin mai shayi ba ce, duk wanda bai karanci fannin ba ya ja bakinsa ya yi shiru, a bar wa masana. Mutane da yawa sun yi masa laik. Ban ba shi amsa a wurin ba saboda amsar ta fi ƙarfin kwament, shi ya sa na roƙi admin ya ba ni filin wannan makon. Malam, ba da kai nake faɗa ba, da maganar nake. Ta yi yawa a bakin 'yan bokonmu, kuma mun taɓa gwada ta a ƙasar nan, mun ga inda ta kai mu.

Ranar 26 ga Oktoba, 2022, gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar cewa za a sauya fasalin takardun naira 200, 500 da 1,000. Ya zo da alƙaluma. Ya ce daga cikin naira tiriliyan 3.23 da ke yawo a ƙasa, tiriliyan 2.73 suna wajen bankuna. Ya ce canjin zai rage jabun kuɗi, ya karya lagon masu garkuwa da mutane don kuɗin fansa, ya taimaka wajen shawo kan hauhawar farashi. Sabbin takardu za su fito ranar 15 ga Disamba, tsofaffi su daina aiki ranar 31 ga Janairu, 2023. Ku ƙirga da kanku, mako bakwai bai cika ba, a ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 200.

Wannan shi ne "a bar wa masana" tsagwaronsa. Babban Banki cike yake da masu digiri na uku a ilimin tattalin arziki, kuma ba a tambayi kowa ba. Ba ma talaka kaɗai ba. Kwana biyu bayan sanarwar, ministar kuɗi, Zainab Ahmed, ta faɗa a gaban kwamitin Majalisar Dattawa cewa ba a tuntuɓi ma'aikatarta ba. In ministar kuɗi ba ta da labari, ina ga mai sayar da ƙosai a bakin tasha?

To ku dubi wannan tiriliyan 2.73 ɗin da kyau, don a nan maganar take. Shi masani da ya ga lambar a takarda, matsala ya gani, kuɗi ne da suka ƙi shiga banki, sai a tilasta musu su shiga. Da an kira dillalin shanu ɗaya daga Maigatari ko Wudil an nuna masa lambar, da ya ce musu ai wannan ita ce kasuwar da kanta. Bafulatani ya koro sa daga ruga, ba shi da asusun banki, a garinsu ko sabis ɗin waya sai an hau tudu. Ya sayar, ya ƙirga kuɗinsa a hannu, ya ba dillali la'ada, ya sayi gero da gishiri da kanwa da atamfar uwargida, ya hau mota ya koma kafin magariba. Naira dubu ɗayan nan tana iya ratsa hannu goma kafin a tashi kasuwa, kuma babu ko ɗaya a cikinsu ɓarawon gwamnati ko ɗan bindiga. Haka abin yake a Dawanau, haka a Mai'aduwa, har a tsallaken iyaka, inda 'yan uwanmu na yankin Maradi da Damagaram ke ciniki da naira kamar kuɗinsu. Ga matan da ke cikin gida suna sana'ar ƙuli da man gyaɗa, jarinsu duka yana ƙulle a bakin zane ko cikin asusun ƙasa, ga kuɗin adashi da uwar adashi ke riƙe da shi amana. Aka ce duk su kai banki. Wane banki? Gwamnan Yobe ya ce a cikin ƙananan hukumomi 17 na jiharsa, huɗu ne kawai ke da banki. A Borno ma mafi yawan ƙananan hukumomin ba su da reshe ko ɗaya.

Wannan ilimi ne, jama'a. Ba a ba da digiri a kansa, amma ilimi ne, kuma shi ne ilimin da ya yanke hukunci a kan tsarin, domin abin da dillali ya sani shi ya faru, abin da aka rubuta a Abuja bai faru ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ba sai na tuna muku yadda watan Fabrairun ya kasance ba, amma zan tuna, don na lura mun iya mantuwa. Ni da ƙafata na je layin ATM bayan sallar asuba, na karɓi lamba, na tsaya har azahar, aka ce kuɗi sun ƙare. Na sayi kuɗina da kuɗina a wurin mai POS, na ba da dubu biyu a kan dubu goma, har da godiya. Kasuwa ta koma farashi biyu, na tsaba daban, na tiransifa daban. Wani kawuna manomi ya karyar da buhunan masararsa ga mai tsabar kuɗi a hannu, yana sane an kware shi, saboda matarsa na kwance kuma mai kemis ɗin garinsu ba ya karɓar tiransifa. Wanda ya yarda ya karɓa kuwa, sai ku tsaya cirko-cirko kuna jiran alat, an cire a naka, bai shiga nasa ba. A Ibadan da Benin da Warri da Shagamu, mutane sun fusata har aka farfasa bankuna, wasu aka cinna musu wuta. An amshe tsofaffin kuɗi daga hannun mutane alhali ba a buga sabbin da za su wadata ba. Wannan ko lissafin ɗan firamare ya isa ya hango shi.

Wani zai ce ai wannan kuskuren mutum ɗaya ne, ba laifin ilimi ba. Na yarda ba laifin ilimi ba ne, kuma wannan ya ƙara ƙarfafa maganata. Ilimin yana nan a fili. Indiya ta yi irin wannan a watan Nuwamban 2016, ta soke manyan takardunta dare ɗaya da sunan kama kuɗin haram, talakawa suka sha baƙar wuya a layi, daga ƙarshe kusan kashi 99 cikin 100 na kuɗin suka koma bankuna, ma'ana masu kuɗin haram ɗin sun san hanyarsu. Ingila kuwa da ta fito da sabuwar fam 20 a Fabrairun 2020, sai ƙarshen Satumban 2022 ta daina amfani da tsohuwar, kuma har yanzu wanda ya kai ta babban bankinsu za a canza masa. Mu ma nan, iyayenmu ba su manta canjin kuɗin 1984 ba. Duk masanan Babban Banki sun san waɗannan fiye da ni. Me ya hana ilimin aiki? Babu wanda aka tilasta wa ya tsaya a gaban jama'a ya kare shirin kafin a zartar. Masani in ya san ba mai yi masa tambaya, ilimin nasa ma barci yake yi.

Sannan a daina nuna mana masani kamar wani mala'ika da ba ya cin abinci. Watanni biyar kafin sanarwar, a Mayun 2022, an saya wa shi wannan gwamnan banki fom ɗin takarar shugaban ƙasa na naira miliyan 100 a jam'iyya mai mulki, har ya je kotu yana neman a bar shi ya yi takara yana kan kujerarsa. Ban ce wannan ne dalilin canjin kuɗi ba. Abin da nake cewa shi ne masani mutum ne, yana da buri, yana da ubangida, yana da abokan gaba. In ka miƙa masa wuƙa da nama ka juya baya, ba ilimi ka miƙa wa ba, mutum ka miƙa wa.

Wakilanmu sun ɗan motsa, a makare. Majalisun tarayya biyu sun nemi a ƙara wa'adin da watanni, aka ƙara kwana goma, zuwa 10 ga Fabrairu. Kwamitin Majalisar Wakilai ƙarƙashin Alhassan Ado Doguwa ya yi ta gayyatar gwamnan bankin yana ƙin zuwa, sai da kakakin majalisa ya yi barazanar sa a kamo shi. Gwamnatocin Kaduna, Kogi da Zamfara suka tafi Kotun Ƙoli, wasu jihohi suka bi su. Ranar 3 ga Maris, 2023, kotun ta yanke hukunci cewa tsofaffin takardu su ci gaba da aiki har ƙarshen shekara. Ina so ɗan uwana ya je ya karanta dalilan. Kotun ta ce ba a ba da isasshen wa'adi ba kamar yadda dokar Babban Banki ta 2007 ta tanada, kuma ta ce a mulkin dimokuraɗiyya bai dace shugaban ƙasa ya ɗauki mataki mai girma haka ba tare da tuntuɓar jihohi da sauran masu ruwa da tsaki ba. Alƙalan nan bakwai ba 'yan teburin mai shayi ba ne. Ko bayan hukuncin sai da aka yi kwana goma kafin Babban Banki ya ce ya bi. A Nuwamban 2023 kotun ta cire wa'adin gaba ɗaya. Duba aljihunka yanzu, tsohuwar dubu ɗaya da sabuwa suna kwance tare. Wahalar me aka sha ke nan?

Kada mu wanke kanmu tas. Da yawanmu a nan dandalin mun yi tafi da aka sanar, ni ma ina ciki a makon farko. Mun ce maganin 'yan siyasa ke nan, bari mu ga da me za su sayi ƙuri'a. Mun so a cuci wani, sai muka daina tambayar wa za a fara cuta. Gwamnonin da suka je kotu ma ban ɗauke su waliyyai ba, zaɓe saura kwanaki, kowa ya san suna da nasu lissafin. Amma mai son zuciya yana iya faɗin gaskiya, kuma ranar sun faɗe ta.

Na san abin da za a jefo min, don haka bari in jefo wa kaina. Shan inna. A 2003 jita-jita ta bazu cewa an sa wa ɗigon rigakafin foliyo sinadarin hana haihuwa. Jama'a suka ƙi, gwamnatin Kano ta dakatar da rigakafin kusan shekara guda, sai a ƙarshen Yulin 2004 aka dawo da shi da maganin da aka kawo daga Indonesiya. A tsakanin nan da bayansa cutar ta bazu daga wurinmu zuwa ƙasashe kusan 20, har Sudan da Yaman da Indonesiya, kuma a 2006 yara sama da dubu ɗaya ta kama a Najeriya. Wasunsu yau samari ne da 'yan mata, muna ganinsu a kan keken guragu a bakin danja. A nan mu ne muka yi kuskure, masana ne ke da gaskiya, kuma ba zan yi kwana-kwana a kai ba. Ko akwai sinadari a cikin kwalba ko babu, ba tambayar da ake kaɗa wa ƙuri'a ba ce. Ko Kano duka ta ɗaga hannu, abin da ke cikin kwalbar ba zai canza ba. Wannan aikin ɗakin gwaje-gwaje ne, kuma wanda bai iya ba ya saurari wanda ya iya.

Amma a ba da labarin duka. Me ya sa jita-jitar ta samu gindin zama? A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano. Yara 200 ne a gwajin, 11 suka mutu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su kuma ya nemi izini, iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. In maye ya manta, uwar ɗa ba ta manta ba. Ƙari a kan haka, talaka yana da tambayar da ba ta wauta ba ce: ɗana na zazzaɓi na je asibiti an ce in sayo magani, me ya sa wannan kaɗai ake biyo ni da shi har gida kyauta? Shekaru aka yi ana amsa masa da "jahilci ne". Kuma ku tuna, cikin waɗanda suka jagoranci zargin har da likita. Wanda ya ce "a bar wa masana" a 2003, wane masanin za a bar wa?

Yadda aka fita daga ramin shi ya fi ba ni sha'awa. Ba tsawa aka ƙara yi wa mutane ba. An koma an zauna da su. Sarakunan Arewa ƙarƙashin Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar suka shiga aikin, hakimai da dagatai da masu unguwanni suka riƙa ɗiga wa 'ya'yansu a bainar jama'a, malamai suka yi bayani, aka ɗauki matan unguwa da aka sani su shiga gidaje, aka fara haɗa rigakafin da duba wasu cututtukan da suka fi damun iyaye. Waɗanda cutar ta nakasa da kansu suka fito suna wayar da kai. Ranar 25 ga Agusta, 2020, aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar foliyo ta asali. Maganin da ke cikin kwalba na masana ne. Hanyar da ya bi ya shiga bakin yaro a Ɗambatta da Gezawa kuwa, sai da aka tambayi masu gidan.

Saboda haka ni ban ce kowa masani ne ba, kuma masu turo mana sautin murya na minti goma sha biyar a WhatsApp suna warware tattalin arzikin duniya kada su ɗauka ina bayansu. Abin da nake cewa shi ne duk wata babbar shawara ta gwamnati tambayoyi iri biyu ne a cikinta, kuma da gangan ake cakuɗa su. Akwai ta sani: in aka janye kuɗi kaza daga hannun jama'a me zai faru da farashi, injinan buga kuɗi takarda nawa za su iya fitarwa a wata. Wannan ta masani ce, ya faɗa mu ji, ya kuma nuna lissafinsa don wani masanin ya duba. Akwai kuma ta zaɓi: shin mun yarda mai ƙosai ta rasa jarinta don a takura wa mai sayen ƙuri'a? Wa zai ɗauki nauyin, na tsawon wane lokaci, me za a ba shi a madadi? Babu digirin da ke amsa wannan. Farfesa da ɗan dako ƙuri'a ɗai-ɗai gare su a nan, kuma ɗan dakon ya fi kusa da wutar. Likitan da ya fi kowa iya tiyata ma ba ya yanka ka sai kai ko waliyyinka ya sa hannu, bayan ya gaya maka abin da ka iya biyo baya. Ba don ka fi shi sani ba, don cikinka ne za a buɗe. Abin da "a bar wa masana" ke yi shi ne ta ɗauki tambaya ta biyu ta sa mata rigar ta farko, sai ka ji kunyar yin magana a kan abin da yake haƙƙinka.

Mu dawo kan harajin da ya jawo maganar. A Oktoban 2024 shugaban ƙasa ya aika wa majalisa ƙudurori huɗu da kwamitin ƙwararru ƙarƙashin Taiwo Oyedele ya tsara. Gwamnonin Arewa suka ƙi amincewa da tsarin rabon harajin VAT, aka yi ta ce-ce-ku-ce. Gaskiya da yawan masu ihun ba su karanta ko shafi ɗaya ba, an kuma yaɗa ƙarairayi masu yawa, wannan abin kunya ne a gare mu. Amma saboda an yi ihun, ƙudurorin ba su wuce a gaggauce ba. Shugaban kwamitin ya yi ta fitowa yana amsa tambayoyi, majalisa ta yi zaman jin ra'ayin jama'a a Fabrairun 2025, aka sauya tsarin rabon, aka bar VAT a kashi 7.5 maimakon ƙarin da aka nema, sannan aka sa hannu ranar 26 ga Yuni, 2025. Kana iya cewa dokar ba ta yi maka ba har yanzu, ni ma ina da ƙorafi a kanta. Amma kwatanta wata takwas ana jayayya da mako bakwai ana layi. Da an bi shawarar ɗan uwana an yi shiru, abin da aka kawo ranar farko shi za a sa wa hannu.

Nauyin da ke kanmu shi ne mu gyara irin maganar da muke yi. Cikinmu akwai akantoci da lauyoyi da malaman jami'a, maimakon su ce mana mu yi shiru, su ɗauko dokar su fassara mana sashe-sashe da Hausa, su ce ga abin da ta ce, ga wanda zai biya, ga inda masana suka saɓa wa juna. Mu kuma in an ce za a yi zaman jin ra'ayi kan kasafin jiha ko na ƙaramar hukuma, ƙungiyar 'yan kasuwa da ta manoma da ta masu Keke Napep su tura wakili da takarda a hannu, ba sai an gama mu zo nan muna ihu bayan hari ba.

Malam, filin kwament a buɗe yake, kuma tambaya ɗaya nake so ka amsa min. A ce ranar 25 ga Oktoba, 2022, kwana ɗaya kafin sanarwar, an shigar da sarkin kasuwar Maigatari ɗakin taron Babban Banki an ce ya faɗi ra'ayinsa, kai da kana wurin, za ka ce a fitar da shi don bai karanci tattalin arziki ba? Sauran 'yan uwa kuma, kowa ya rubuta mana garinsu da nawa ya biya mai POS a kan dubu goma a watan Fabrairun nan. Ina so mu tara su wuri ɗaya.